Ɗakin da Illo Ya Yi wa Inna

Dumega, ran Talata, bayan an gama ɗaurin hatsi

Daga Shatu zuwa ga ƙanena Illo, ma'aikaci a biro, wato ofishin kumandan mai mulkin yanki, Dogon Dutsi.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aiki, ina iyali? Mu nan lafiya lau muke, hatsi ya shiga rumbu, mun gode Allah. Mushe Sama'ila, malamin lakwal, makarantar bokon garinmu, ke rubuta mini takardar nan, na kuma ce masa kada ya sassauta ko kalma guda.

Bayan haka, Illo, na zo na ga ɗakin da ka yi wa Inna, na komo gida na kasa cin tuwo. An ce kun tafi rangadi da kumandan, da kana nan a gaban idonka zan faɗa maka.

Da bazara ka zo ka ɗauke ta, ka ce wata guda za ta yi a duba mata gwiwa a asibiti. Yau wata bakwai. Na yi shiru don duk wanda ya dawo daga kasuwa sai ya ce mini uwarku ta shiga aljanna tun tana duniya. To, na je na ga aljannar. Gadon ƙarfe mai rumfa, tsawonsa ya kai ƙuguna. Na iske ta zaune a bakinsa, ƙafafu na reto kamar yarinyar da aka aza bisa jaki. Ƙasan ɗakin siminti ja mai santsi, ni da nake da ƙafa lafiya sai da na dafa bango. Bango fari fat, wai ba a hura wuta kada ya yi baƙi. Ga labule, ga matasan kai masu fure waɗanda ba a taɓawa, ga wani dogon akwati mai gilashi da matarka ta ce sunansa almuwar, an cika shi da kwanoni. Na ba ta goro ta tauna, ta waiga nan ta waiga can ba inda za ta tofar, ta haɗiye.

Na ce, "Inna, yaya ɗaki?" Ta ce, "Ya yi kyau." Ni ba kyau na tambaye ta ba.

Sanyi ya kusa. Ka san gwiwarta da sanyi. Ga gadonta na ƙasa nan wanda Baba ya gina mata kafin ya rasu, da raminsa na garwashi a ƙarƙashi, ga rairayi na zuba sabo. Ka maido mini ita kafin ɗari ya kama. In ba ka iyawa, ka faɗa, in zo da kaina.

Ina gaida Inna. Ina gaida Asiya, ko da yake ruwan da ta ba ni a kofin gilashi ne, na ji tsoron riƙe shi. Allah ya bar zumunci.

Yayarka, Shatu

*

Dogon Dutsi, 12 ga Nuwamba 1962

Zuwa ga Yaya Shatu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kina lafiya tare da maigidanki da yara. Takardarki ta same ni a biro, na karanta, na fahimta. Ban ji daɗi ba da kika sa bare ya ji abin da ke cikin gidanmu, amma tun da kin buɗe ƙofa, bari in shiga.

Kin ga gado, kin ga siminti, kin ga labule. Abin da ba ki gani ba shi ne tari. Da na ɗauko Inna daga wurinki ba ta iya kai ƙarshen Fatiha sai ta tsaya ta yi tari. Anfirme Rabo, wanda ke duba ta a asibiti, ya ce hayaƙi ne ya ci ƙirjinta, shi ne kuma ke cin idanunta. Hayaƙin ina? Na ramin nan da kike yabo. Yau wata biyar ban ji ta yi tari ba. Rairayin da kike zubawa kuwa, sau biyu kunama ta fito daga cikinsa ta harbe ta, kin manta ko kina so in manta? Daminar bara ɗakin yana yoyo, kuka tara ƙorai kuna tarbe ruwa.

Labulen nan da kike yi wa ba'a, Asiya ce ta ɗinka shi da hannunta, wata uku tana kai. Matar kumandan da kanta ta zo ta gaida Inna, ta tsaya tana kallon ɗakin, washegari ta komo da mata biyu don su gani. Yaya, zamani ya sake. Ƙasa ta samu mulkin kanta, kumandan yanzu baƙar fata ne kamarmu. Ba za a ce uwar ma'aikacin gwamnati tana kwana bisa laka ba, ina da rai.

Kowace safiya kafin in tafi biro nakan shiga in gaishe ta. Kullum zaune nake samunta bisa gadonta, ta ce mini lafiya lau ta kwana. Maganarta zan ɗauka ko ta wadda ta zo ta yi rabin yini ta koma?

Inna ba za ta komo ba. In kina son ganinta, ƙofa a buɗe take.

Wassalam. Ƙanenki, Illo

*

Dumega, ran Lahadi

Illo, ina gaisuwa, ina kuma tambayar kwanan Inna, ba naka ba.

An karanta mini takardarka sau biyu, don na farko ban yarda da kunnena ba. Wai ta ce maka lafiya lau. Kai auta, yaushe Inna ta taɓa ce maka wani abu ban da lafiya lau? Ko bisa ƙaya ka shimfiɗa mata za ta ce ta gode. Ran da aka zo aka kama ka za a kai ka lakwal, lafiya lau ta ce maka, ta shiga bayan rumbu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni na gani, kai kana bisa hanya.

Matar kumandan ta zo ta gani, ta kawo mata sun gani. Madalla. Ai ka faɗi gaskiya da bakinka: ɗakin na 'yan kallo ne. Ka jera kwanoni a gilashi, ka jera uwarka bisa gado. Mi ya rage, ka sa mata gilashi ita ma? Matar kumandan ta taɓa matsa mata gwiwa da man shanu? Shekara goma sha ɗaya ina yi tun rasuwar Baba, kana Yamai kana koyon yadda ake cin abinci da cokali. Kunama kuwa, ko gidan sarki tana shiga.

Tun da ka ce ba ka maido ta, ga kaya nan na ba mai kamyon, motar kayan da ke tasowa daga Tibiri: tabarmarta, da kujerarta 'yar tsugune, da kaskon wuta, da buhun rairayi wanda na tankaɗe da hannuna. A zuba rairayin a kusurwa guda ko ta samu inda za ta miƙe ƙafa ta tofar da goro. Ba roƙonka nake ba. Da kai da ni nono guda muka sha, kuma na riga ka.

Allah ya ba ka hankali gwargwadon iliminka.

Shatu

*

Dogon Dutsi, 3 ga Disamba 1962

Yaya Shatu,

Bayan gaisuwa. Kaya sun iso. Tabarma da kujera da kasko suna ɗakin ajiya. Rairayi na sa an zubar a garken awaki, nan ne wurinsa. Na saya wa Inna bargo biyu na ulu, sun fi garwashi.

Ran 18 ga wata za a yi bikin Jamhuriya, baƙi za su shigo gidana su gaida Inna. In za ki zo, ki zo da alheri. In da irin maganganun nan ne, ki bari sai an watse. Kada kuma ki ƙara aiko mini takarda a biro, abokan aikina sun fara tambaya.

Shekara goma sha ɗayan da kike ƙirgawa, ba wanda ya musa. Amma kin yi iyakar abin da kika sani, yanzu ki bar wanda ya san fiye ya yi.

Wassalam. Illo

*

Dogon Dutsi, 22 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Shatu, daga ƙanwarki Asiya.

Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida yara. Maigida bai san na rubuta wannan ba. Ina roƙon Mushe Sama'ila ya karanta miki ke kaɗai.

Yaya, Inna ta faɗi shekaranjiya da safe, wuyan hannunta na dama ya karye. An ɗaure a asibiti, tana cin abinci, tana magana. Kada hankalinki ya tashi fiye da kima. Amma akwai abin da ya wajaba in faɗa miki, ko za ki tsine mini.

Tun shigowar sanyi Inna ba ta kwana bisa gadon. Gwiwa ta hana ta hawa da sauka, katifar kuma ta ce tana nutsewa da ita har bayanta ya ƙage. A ƙasa take shimfiɗa bargo ta kwanta bisa siminti. In gari ya waye sai ta lallaba ta hau, ta zauna, don maigida ya same ta can in ya zo gaisuwa. Kusan wata biyu ke nan. Na gane tun satin farko, ta kama hannuna ta ce in rantse ba zan gaya masa ba. Ta ce, "Yaron nan ya yi wahala ya yi mini abin kirki, in ce masa ban iya ba?" Ni nakan shigo da wuri in ɗaga ta. Shekaranjiya na makara wajen wuta, ta ji tarinsa a tsakar gida, ta yi sauri ta hau ita kaɗai. Ruwan alwala ya jiƙa simintin. Shi ke nan.

Da ya tambaya, ce masa ta yi sauka take yi. Har yanzu bai sani ba.

Saura guda, ita ce ta fi yi mini nauyi. Tun kafin wannan na taɓa ce mata, "Inna, ko in roƙi maigida ya mayar da ke Dumega ki huta?" Sai na ga hawaye. Ta nuna almuwar ta ce, "In bar waɗannan?" Ta ba ni labari wai da aka kawo ta ɗakin Baba, jerenta ya fi na kowace amarya a unguwar, ƙorai masu zane da tasoshi har sama. Shekarar fara, da yunwa ta ci ƙasa, ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya aka musanya da hatsi, lokacin kina ƙarama, don kada ki mutu. Tun daga nan, ta ce, shekara talatin bango tsirara take kallo, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yaya, kwanonin nan ba ni ke jera su ba. Ita ce ke sa in sauko da su kowace Juma'a, ta goge su da zanenta, ta ce wannan nan, wancan can. Labulen ma ita ta zaɓi launinsa.

Ta ce kada ki ji, za ki ce ta guje ki don kwano.

Ni ban san yadda zan yi ba. In na faɗa masa na karya rantsuwa, in na yi shiru za ta sake faɗuwa. Ke ce babba. Ki yafe mini.

Asiya

*

Dumega, ran Talata

Asiya,

Na amsa gaisuwarki. Yafiya kuwa ki bari tukuna.

Wata biyu tsohuwa tana kwana bisa siminti cikin ɗari, kina gani, kina tsallake tabarmarta a ɗakin ajiya kina wucewa. Rantsuwa ta hana ki magana, ta hana ki ɗauko tabarma? Tsoron mijinki ne, ki kira abin da sunansa.

Maganar jere kuwa, Mushe ya karanta, na ce ya tsaya, na fita na dawo. Ni ce 'yarta ta fari. Inna ba ta kama sunana, ba ta duban idona in tana magana, haka aka saba. Shekara goma sha ɗaya muna zaune gida guda ba ta faɗa mini ba, ke wata bakwai ta faɗa miki. Ina da kwanoni takwas a ɗakina. Da na sani da tuni suna bangonta. Ba komai.

Jibi ina tafe, tare da Idi magini. Kada ki gaya wa Illo. Tun da kin iya riƙe asiri, riƙe wanga ma. Ki dai tabbata ya tafi biro.

Shatu

*

Dogon Dutsi, 8 ga Janairu 1963

Yaya Shatu,

Ina gaisuwa don addini ya ce a gaida na gaba. Kwana biyar kika yi a gidana ban ce miki uffan ba, don da na buɗe baki da na faɗi abin da ba ya maiduwa. Yanzu da kika tafi zan rubuta.

Na dawo cin abincin rana na iske gadon da na ɗauko tun daga Yamai a tsakar gida, kaji bisa katifa. Na iske rabin simintin ɗakin an farfasa da guduma, ƙaton nan Idi yana kwaɓa laka a inda matar kumandan ta zauna. Unguwa duk ta taru a ƙofa. A gabansu kika ce mini, "Mai ilimi, tambayi uwarka inda take kwana." Har yau in na shiga biro sai a yi shiru. Wannan ba zan manta ba, kuma ban yafe ba.

Na tambaye ta, kamar yadda kika ce. Ta rufe fuska da mayafi. Asiya ce ta durƙusa ta faɗa mini duka. Na ce ta haɗa kayanta ta tafi gidansu. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ta ce, "In ta fita ƙofar nan, ka nemo mini jaki ni ma." Asiya tana nan. Ba mu cika magana ba.

Na san kin ce wa Inna ta bi ki gida, ta ce a'a, kika ɗauki ƙunshinki da safe ba ki yi mata sallama ba. Wannan tsakaninki da ita ne.

Gadon laka ya bushe. Na ga kin sa an huda bangona, an buɗe ramin garwashi ta waje, hayaƙi ba ya shiga ɗaki. Ban ce kin yi daidai ba, na dai gani. Anfirme Rabo ya zo ya duba, ya ce ba laifi. Na ga kuma ba ki taɓa almuwar ba, kin sa an matsar da ita inda za ta riƙa ganinta daga kwance, kin mayar da labule yadda yake. Ɗakin yanzu rabi ja rabi rairayi, kamar kan da wanzami ya aske ya gudu. Ba zan ƙara shigar da baƙo ciki ba.

Jiya na shiga gaisuwa kafin biro na iske tana barci, baki buɗe, hannun karayar bisa matashi mai fure. Na tsaya, ban tashe ta ba. Aka ce mini sai da hantsi ta farka. Wata tara ina shiga ɗakin nan kowace safiya, ban taɓa ganin barcinta ba sai jiya.

Sau uku ta tambaye ni, "Waccan ta isa gida lafiya?" Ki aiko da amsa, ba don ni ba.

Gidana kuwa, kada ki ƙara shigowa da guduma.

Illo

*

Dumega, ana saura kwana tara azumi

Illo,

Na amsa. Ka ce mata na isa.

Garwashin ƙirya za a riƙa sa mata, kada a cika, gadon sabo ne zai tsage. Kafin ruwa ya sauka yana son yaɓe. Zan zo in yi, ran da kake biro. Sallah kuwa kada ku jira ni.

Akwai wani kwano mai shuɗin baki can a jeren sama. Kwana biyar ina ganin idonta na komawa kansa. Ku sauko mata da shi ƙasa inda hannun hagu zai kai. Ba za ta roƙa ba.

Ka gaida matarka.

Shatu